Yadda Aka Sauko da Motar Ntate Sekhobe

Duk garinmu Ha Kobeli babu wanda ya tsani taka ƙasa kamar mijin yayata, Ntate Sekhobe. A yarenmu Ntate shi ne Baba, Mme kuma Mama. Ba gurgu ba ne, ƙafafunsa biyu lafiya lau, har sun fi nawa kauri. Abin da ya jawo, tun bai iya ɗaura bargo da kansa ba ubansa ya tura shi kiwo a kan tsaunuka, ya yi ta bin tumaki cikin dusar ƙanƙara da takalmin roba mai ɓula har gemu ya fito masa. Daga nan ya tsallaka Afirka ta Kudu aikin ramin zinariya, inda a cewarsa mutum kan yi doguwar tafiya a sunkuye kafin ma ya isa inda zai fara haƙa. Da ya dawo gida, da abu biyu ya dawo: tari, da wata 'yar akori-kura ruwan ƙasa wadda ta sha duniya tun kafin ta zo hannunsa. Ranar ya sanar a gaban mutane cewa shi ya gama nasa rabon na tafiya, abin da ya rage na sauran talakawa ne.

Ya kuwa riƙe maganarsa. Daga ƙofar gidansa ana jin tarin fasto a coci, amma ranar Lahadi sai ya tada mota, ya bar ta ta ɗumama, ya yi ribas, ya zagaya shingen tumaki, ya iso bayan an gama waƙar farko. Gaisuwa ta taga yake yi. In yana son magana da maƙwabci ba ya leƙawa, hon yake dannawa har mutum ya fito yana goge bakinsa. Da damina kuwa, in hanyar garin ta zama kunu, mu mata mu ne injin. Mu tattare bargo mu tura, taɓo na fallatso mana a fuska, shi yana ciki a bushe yana cewa, "Da ƙarfi mana, ba ku ci tuwo ba ne?"

Kada a tambaye ni me ya sa muka jure. Motar ita kaɗai ce a garin. Ita ke kai buhunan gashin tumaki inda ake auna su, ita ke sauka da mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko akwatin gawa ranar Juma'a da yamma don a yi biso Asabar. Duk wanda ya san wata rana zai mutu ba ya faɗa da Ntate Sekhobe. Saboda haka a taro kujerarsa na kusa da ta mai gari, Morena Kobeli, kuma in an yanka tunkiya haƙarƙari nasa ne. Kujerar gaba ta motar ta fasto ce da mai gari. Yayata, Mme Mamosa, matar aurensa, a baya take zama tare da buhuna, ta rufe kai da bargo. Yayata mace ce mai ajiye magana har ta nuna.

Can sama da mu, inda dusar ƙanƙara ke daɗewa ba ta narke ba, wani kamfani ya gina masaukin baƙi masu wasan zamiya. Mutane ne da ke biyan kuɗi a ja su zuwa kan dutse, su sulalo, a sake jan su. Mun saba da su. Sukan wuce ta gefen gari cikin manyan motoci, gilashi a rufe, ni kuma in miƙa musu fanke ta taga in sun ga dama sun tsaya, don sana'ata ke nan.

Wata shekara sai mai gari ya kira pitso, wato taron gari, aka taru a dandali, maza da sanduna, mata da goyo. Kamfanin ya turo wani saurayi daga babban birni Maseru, Tankiso, mai tabarau da ladabi, ya warware wani ƙaton zane a jikin katanga.

"Iyayena," in ji shi, "abin da muke so mu gina muku shi ne tsakiyar gari irin na ƙasashen ƙanƙara. Titi na dutse, shago a ƙasa, gida a sama. Mai burodi nan, mai magani can, wurin shan shayi a tsakiya. Komai kusa da komai, mutum ya fito ya taka da ƙafarsa."

Ya faɗa, ban ce bai faɗa ba, kuma da yarenmu ya faɗa. Amma mu da muke tafiyar ƙasa tun kaka da kakanni, ina za mu ɗauka wani zai taso tun daga Maseru ya yi mana alkawarin tafiyar ƙasa? Ba ta taɓa zuwar mana a rai cewa abu ne da ake ginawa, balle a sayar ba. Mu titi muka sani, wanda kowane ɗan takara ke yi mana alkawarinsa tun ina budurwa. Ga shi yau an zo da shi har da zane.

Ntate Sekhobe ya ɗaga sandarsa daga inda yake zaune.

"Ɗana, wannan zanen wa ya yi shi?"

"Wata ƙwararriya ce a Cape Town, Ntate."

"To ka ce ina gaishe ta. Ta iya zana mata, ta iya zana kare. Ina motoci?"

"Ai babu mota a ciki, Ntate."

"Ita ba ta sani ba, amma kai ka gani da idonka. Akwai guda ɗaya."

Aka kwashe da dariya. Tankiso, don kada ya kunyata dattijo, ya zaro biro ya zana 'yar akori-kura a tsakiyar dandalin da ke cikin zanen. Shi a wurinsa wasa ne. Ntate Sekhobe kuwa ya gyara zama ya dubi mai gari, ya dube mu, kamar wanda aka ɗaura wa aure.

Daga ranar ya zama ɗan kamfani ba albashi. Shi ya fara ba da filinsa, da shingen tumakinsa, da lambun yayata, aka ce za a ba shi shago da bene a madadinsu. Ya bi gida gida da hon yana zagin masu jan ƙafa. Ni da na ce ina so in san inda zan kafa kaskon suyata, cewa ya yi, "Ƙanwata, ke ƙwaƙwalwarki mai ya toshe ta. In titi ya zo, a mota zan riƙa kai miki fulawa har bakin murhu." Mutum ɗaya ne ya tsaya masa, Ntate Potlaki, wanda suka yi aikin rami tare suka dawo ba sa ga maciji. Shi har yau a kan doki yake.

"Sekhobe," in ji shi daga kan sirdi, "titin nan da aka zana wa mata da kare, ka tabbata da kai aka yi shi?"

"Kai dai ka ji da dokinka mai zawo. Ranar buɗewa zan ɗauke ku ku biyu a baya."

Ana shirin fara aiki sai gwiwar Ntate Sekhobe ta kumbura. Shi ya ce ramin zinariya ne, ni na ce rashin amfani ne. Likita ya ce sai an yi aiki a Maseru, ya kuma zauna wurin 'yarsu har ya warke. Kafin ya tafi ya wanke motar, ya lulluɓe ta da tamfol a inda take kwana kullum, wato tsakar gidansa wadda za ta zama dandali, ya zura makulli a aljihu. Ya ce tayarsa ce za ta fara taka titin nan, kuma duk wanda ya taɓa masa mota kafin ya dawo, gawarsa ta nemi mai ɗauka.

Aka rushe ɗakunan jinka, aka fara gini. Tankiso ya yi ta bugo masa waya yana roƙo a matsar da motar, shi kuma yana amsawa daga kan gado cewa su yi aikinsu, ita ba ta cizo. Mai gari aka je wa, ya ce shi ba zai sa baki a kan motar da za ta ɗauki gawarsa ba. Magina ba su da lokacin jiran gwiwar kowa. Suka zagaye ta da daɓen dutse, suka tayar da benaye hagu da dama, suka ci gaba da gangarowa. Garinmu a jikin tsauni yake, don haka titin da suka yi daga dandali zuwa ƙasa matakala ce, shimfiɗa kaɗan sai matakala, shimfiɗa kaɗan sai matakala, har zuwa filin ajiye motoci da suka share a gindin gari.

Yayata ta je Maseru duba mijinta, ta gaya masa. Ina wurin.

"Ntate, titin nan fa hawa-hawa ne."

"Harsashi ne, za su cike shi."

"Har ƙarfen dafawa sun sa."

"Mme, tun yaushe mace ta san titi? Ke da a baya kike zama, inda aka baro kawai kike gani."

Ta ce, "To." Ta ɗaure kwanonta muka fito. A tasi har muka iso ina ganinta tana murmushi ita kaɗai, na san akwai magana.

Ya dawo farkon sanyi. Tasi ta sauke shi a filin motoci, ya fito da sabon bargo da sandar asibiti, ya ɗaga kai. Ni ina nan a gefe da kaskona, domin tun kafin fenti ya bushe aka gaya mini hayaƙin suya ba ya tafiya da tsarin sama, sai na ba da hayar ɗakin da aka ba ni na sauko. Na ga fuskarsa. Ya dubi matakala ta farko, ya bi ta da ido har inda ta ɓace a tsakanin benaye, ya juyo yana neman wata hanya. Akwai wata 'yar siririya a gefe, mai lanƙwasa kamar hanjin akuya, ta masu tura akwatunan baƙi. Ko jaki mai ciki ba zai bi ta ba.

"Ina titin?" ya tambaye ni.

"Ga shi kana kallo, Ntate. Sannu da zuwa. Fulawata fa?"

Bai kula ni ba. Ya ce ba zai taka ba, a nemo abin ɗauka. Abin da aka samu baro ne na leburorin siminti. Aka zaunar da shi a ciki, ƙafafu a waje, sanda a cinya, aka tura shi ta hanyar akwatuna. Baƙi suka fito daga wurin shan shayi suna ɗaukar hoto. Ntate Potlaki, wanda aka hana dokinsa hawa don kofato na fasa daɓe, ya bi su a ƙasa yana kira, "A hankali, direba! Ka sa sigina, ga kwana!"

A dandali ya tarar da motarsa ba tamfol. Yayata ce ta cire. Ta cika bayan motar da ƙasa da takin tumaki, ta shuka alayyahu da albasa, har sun yi kore shar.

"Mme! Mene ne wannan?"

"Lambu ne. Ka ba su nawa, na yi wani."

"A cikin motata?"

"Gaba naka ne, ban taɓa ba. Baya kuwa ai ɗakina ne, na fi kowa daɗewa a ciki."

Aka kira Tankiso, ya zo yana murza hannu.

"Ntate, na buga maka waya har kunnena ya yi zafi."

"Ka ce titi."

"Titi ne, Ntate. Na ƙafa."

"Titin ƙafa! Ɗana, wannan ai muna da shi tun kafin a haifi kakanka, kuma ba mu rushe gidan kowa ba. Fitar mini da mota."

"Babu ta inda za ta fita, Ntate. Kuma gaskiya baƙi suna son ta a nan. Sun ce ita ce ran wurin."

Haka aka shiga zaman da ya ɗauki sanyi da damina. Ntate Sekhobe ya ƙi hawa benen da ya yi wa kamfe, ya sa aka shimfiɗa masa katifa a bayan shago, 'yan taku kaɗan daga ƙofar mota. Kullum da safe ya shiga, ya tada ta, ya yi gaba har bakin tukunyar fure, ya yi baya har bakin benci, ya kashe. Masu shan shayi suka yi ƙorafin hayaƙi, aka roƙe shi ya daina, ya ƙi. Sai aka rubuta lokacin a allon sanarwa, baƙi suka riƙa fitowa kallo da kofi a hannu. Wasu su nemi ya leƙo ta taga su ɗauki hoto, wasu su ɗora 'ya'yansu a kan bonet. Aka buga hoton motar a jikin kofuna da riguna ana sayarwa. Shi kuma yana ciki, hannu a sitiyari, fuska a murtuke, su kuwa murtukewar ma burge su take yi.

Sauran gari fa? Ɗaya bayan ɗaya muka gangaro. Mai doki ba ya iya hawa da doki, mai tunkiya ba ya iya kwana da ita a bene, tsofaffi suka ce su ba za su kwanta a saman kan wani suna jin tarinsa ta ƙarƙashin gado ba. Aka ba baƙi hayar ɗakunan, aka kafa rumfunan kwano a kewayen filin motoci. Nan mai gyaran sirdi yake, nan mai nama, nan ake ɗaure dawakai, nan tasi ke lodi, nan ake faɗa a shirya. Can sama tsit, sai ƙarar cokali a kofi da mutane masu tafiya a hankali suna duba agogon hannu mai ƙirga taku don su ga ko sun yi tafiya. Cikin 'yan gari yayata kaɗai ta ci riba. Ta samu famfo mai ruwan zafi da baranda, ta buɗe shagon hulunan saƙa, ta yi ƙiba.

Abin da ya karya Ntate Sekhobe mutuwa ce. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta rasu, wadda shi ya kai ta asibiti haihuwar 'ya'yanta duka. Ranar Juma'a da yamma ya sa baƙar jaket ya zauna a mota, ko da yake ya san babu inda za ta. Ba wanda ya zo wurinsa. Tasin wani ɗan gari aka ɗauka ta kawo akwatin, aka wuce da shi ta bayan gari zuwa rumfar da danginta suka koma. Na hau kai wa yayata saƙo na same shi a haka, yana kallon gilashin gaba, hawaye na bin gemunsa. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan, kuma ina da dalili, amma ranar tausayinsa ya kama ni har na rasa abin tsokana.

"Ƙanwata," ya ce ba tare da ya dube ni ba, "ki gaya wa yayarki ta jiƙa dawa. Gayya zan kira."

A wurinmu in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, girbi ne ko ɗaukar dutsen gini, sai a yi letsema: ka dafa burkutu, ka yanka dabba, gari ya zo ya yi maka, ba a biyan kowa, ba kuma a ƙin zuwa. Ba a taɓa kiran gayyar ɗaukar mota ba, amma ba a taɓa hanawa ba. Yayata ta kwashe alayyahunta ta zuba ƙasar a bokitai, ta ce ita ba ta hana kowa haukarsa. Aka yanka tumaki biyu.

Ranar Asabar da hantsi maza suka hau, tsofaffin 'yan rami a gaba, don su suka san yadda ake ɗaga abu mai nauyi da murya ɗaya. Suka zura bututun ƙarfen da magina suka bari a ƙarƙashin motar, suka naɗe barguna a kafaɗa. Ntate Potlaki ne mai ba da waƙa, ya ce ba don Sekhobe ya zo ba, don naman ya zo. Tankiso ya taho da gudu yana cewa za a fasa daɓe, sai ya ga baƙi sun cika barandu da wayoyi a sama, ya ja baya ya gyara tabarau.

Ntate Sekhobe kuwa yana zaune a cikin motar. "To fito mana mu ɗaga," in ji Potlaki.

"In fito in je ina?"

"Ka taka, ɗan sarki. Ka ga mun rage nauyin buhu biyu."

"Mota ba ta tafiya ba direba."

"Wannan dai za ta tafi, don ba tafiya za ta yi ba, ɗaukarta za a yi!"

Ya kulle ƙofa ta ciki. Haka aka ɗaga su tare. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Mota a sama tana lilo, tayoyi na reto a iska, maza na nishi suna amsa waƙa, shi kuma yana murza sitiyari da gaske, yana leƙa madubi. In an zo gangara sai ka ga jar fitilar baya ta kama, wai birki yake takawa. A kwanar mai burodi ya danna hon don wata baturiya ta kauce. "Hagu! Na ce hagu, kurame ne ku?" Wani daga ƙasa ya ce in ya sake cewa hagu za su ajiye shi a nan ya kwana. Madubi ɗaya ya tafi a jikin katanga, salansa ta tafi a matakalar ƙarshe. Mata muna biye muna guɗa, ni har da rawa, ba zan ɓoye ba.

Rana ta take tsaka aka dire ta a filin motoci. Ya murza makulli, ta yi tari, ta kama da ƙara kamar za ta tsage, saboda babu salansa. Aka yi ihu. Ya zagaya filin, ya sake zagayawa, ya fita babban titi ya ɓace, ya dawo yana dariya da dukan haƙoransa. Kafin nan 'yan gayya sun juya sun hau sama, domin nama da burkutu suna can ƙofar shagonsa. Filin ya rage daga ni sai shi sai dawakai.

Ya kashe mota. Muna jin hayaniyar cin nama daga sama. Ya daɗe yana kallon matakalar.

"Ntate, ba za ka je ka ci haƙarƙarinka ba? In kira masu baro?"

"In na sake shiga baro a binne ni a ciki."

"To ga ƙafa. Likita ya ce gwiwar ta fi ta da."

"Ki je ki ce wa yayarki ta sauko. A nan za mu zauna."

Na hau na faɗa mata. Tana tsaye a baranda tana sakace.

"In sauko in yi me? In koma bayan mota? Ki ce masa ƙofa a buɗe take, ruwan zafi na nan. Ya hawo da ƙafarsa kamar kowa."

Tun daga ranar a ƙasa yake. Ya kafa rumfar kwano kusa da tawa, motar a bakin ƙofa. Tasi sun yi yawa yanzu, ba mai neman tsohuwar akori-kura sai mai kai taki gona. Yayata na aiko masa da tuwo da ganye a kwano, ni ke kaiwa da kawowa, da saƙon baƙar magana a kowane sawu. Daga inda yake zaune ana hango barandarta, daga barandarta ana hango hularsa. Ya samu motar da za ta kai shi ko'ina a ƙasar nan, ban da ɗakin matarsa.

Kamfani kuwa bai ji daɗin gurbin da motar ta bari a dandali ba. Baƙi suna zuwa da kofi mai hoton motar a hannu suna tambaya. Bayan 'yan makonni, da safe ina zuba fanke a mai, sai ga wata ƙatuwar mota mai dogon wuya, irin ta ɗaga kaya, ta bi ta hanyar masaukin baƙi ta tsaya a saman gari. A bayanta akwai gawar wata akori-kura ruwan ƙasa da aka sayo wurin 'yan gwangwan a tsallaken iyaka, ba inji, ba gilashi. Muna kallo wuyan ya miƙe, ya ɗauke ta, ya tsallake da ita rufin benaye, ya dire ta a tsakiyar dandali a hankali. Kafin fanken da na zuba ya soyu an gama.

Ntate Sekhobe na zaune a kan bonet, kofin shayi a hannu. Ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ni ce na yi ta zagi, na zagi kamfani, na zagi Tankiso da tabaransa, na zagi mai gari, har mai ya ƙone. Da yamma na hau na gani da idona. Sun shuka furanni a bayanta, sun kafa allon ƙarfe mai rubutu da Turanci: motar Ntate Sekhobe, mota ta farko a Ha Kobeli. Ban gaya masa zancen allon ba, amma Potlaki bai bar rana ta faɗi ba sai da ya sauka daga doki ya karanta masa shi daga ka, har da ƙari.

Ranar Lahadin da ta wuce wata baƙuwa ta fito daga motarta a filin, da sandunan tafiya biyu da takalma masu tsada. Ta dubi rumfunanmu, ta dubi dattijon da ke goge tsohuwar mota mai madubi ɗaya, ta matso da fara'a ta tambaye shi da guntun yarenmu da ta koyo a hanya, ina ne ake ganin motar Ntate Sekhobe.

Ya daina gugar. Ya dube ta, ya dubi tsumman da ke hannunsa. Na ajiye matsami ina jiran ya fashe, don na san bakinsa. Sai kawai ya ɗaga tsumman ya nuna mata matakala.

"Tana sama, 'yata," ya ce. "Ki bi nan, ba za ki ɓata ba. Ki gaida matar da ke baranda."